Kiwon Hamsta a Gida: Tambayoyin da Aka Fi Yi da Amsoshinsu

Da yawa daga cikin masu ɗauko hamsta ƙanƙantarsa ce ke rinjayarsu. Suna ganin dabbar da ba ta cika tafin hannu ba, ai ba za ta nemi komai ba sai ɗan keji da 'yan ƙwayoyin hatsi. Daga baya ne tambayoyi ke tasowa: me ya sa yake cizo, me ya sa ba ya farkawa da rana, me ya sa yake kwana yana gwaguyar ƙarfen keji? Amsar mafi yawansu tana cikin halittarsa. Dabba ce mai yawon dare, mai haƙa rami, mai son zama ita kaɗai.

Wai shin hamsta ba ɓera ba ne?

Dangi ɗaya suke a cikin dabbobi masu gwaguya, amma ba ɓera ba ne. Wutsiyarsa guntuwa ce ƙwarai, jikinsa a dunƙule yake, kuma yana da jakunkuna biyu a cikin kumatunsa da yake cika wa da abinci.

Wanda aka fi kiwo shi ne hamstan Siriya, mai ruwan zinare. A shekarar 1930 wani masanin dabbobi mai suna Israel Aharoni, na Jami'ar Hibru da ke Ƙudus, ya sa aka haƙo uwa da 'ya'yanta daga rami a wata gona kusa da birnin Halab. Kaɗan ne daga cikin 'ya'yan suka rayu, amma suka hayayyafa, kuma mafi yawan hamstan Siriya da ke gidajen mutane a yau jikokinsu ne. Wato bai kai shekara 100 da shigowa hannun ɗan Adam ba. Kare da kyanwa sun shafe dubban shekaru tare da mu, shi kuwa har yanzu halin dajinsa na nan bai goge ba.

Iri nawa ne, kuma wanne ya dace da sabon shiga?

Biyar ne aka saba gani. Na Siriya shi ne babba, tsawonsa tsakanin santimita 13 da 18. Sai ƙananan: na Campbell, da na Jungariya wanda gashinsa kan koma fari lokacin hunturu, da na Sin mai ɗan siririn jiki, da na Roborovski wanda ya fi kowa ƙanƙanta, bai wuce santimita 5 ba.

A ganina sabon shiga ya fara da na Siriya. Yana da girman da za a iya riƙe shi ba tare da fargaba ba, kuma ya fi saurin sabawa da hannu. Na Roborovski abin kallo ne kawai. Yana da sauri kamar walƙiya, idan ya kuɓuce daga hannu sai an yi da gaske.

Ina jin tausayinsa shi kaɗai. In ƙaro masa abokin zama?

Kada ka ƙaro. Wannan tausayin ya kashe hamsta da yawa. Hamstan Siriya ba ya zama da kowa da zarar ya girma, ko da wanda suka fito ciki ɗaya ne. Ba a sarki biyu zamani ɗaya. Tun suna da mako 6 zuwa 8 faɗa ke farawa, kuma faɗan dare ne, lokacin da kowa ke barci, sai dai da safe a tarar da ɗaya da raunuka ko a tarar da gawarsa. Ganin su tare a wurin mai sayarwa ba hujja ba ce, don jarirai ne.

Ƙananan iri wani lokaci sukan zauna bibbiyu idan tare suka taso, amma ko su ɗin zaman nasu kan watse ba zato. Wanda ba shi da keji na biyu a ajiye, gara ya tsaya a kan ɗaya.

Wane girman keji yake bukata?

Fiye da wanda aka saba sayarwa da sunan kejin hamsta. Ma'aunin da ƙungiyoyin kula da lafiyar dabbobi a Turai suka fi bayarwa shi ne fili mai tsawon santimita 100 da faɗin santimita 50, kuma wannan shi ne mafi ƙaranci, ko ga ƙananan iri. Fili ɗaya shimfiɗaɗɗe ake nufi. Hawa uku da aka jona da bututun roba ba sa zama madadinsa, domin hamsta mai gudu ne a ƙasa, kuma idanunsa ba sa auna nisa da kyau, yakan faɗo daga sama ya karye.

Akwatin gilashi irin na kifi yana yin aiki sosai, haka ma babban akwatin roba da aka yanke murfinsa aka sa raga don iska. Idan keji mai sandunan ƙarfe ne, tazarar da ke tsakaninsu kada ta wuce santimita 1 ga na Siriya, ga ƙanana kuwa wajen rabin haka. Duk inda kansa ya shiga, jikinsa zai bi.

A ajiye kejin a wuri mai shiru, nesa da hasken rana kai tsaye, nesa da talabijin da lasifika. Yana jin sautukan da kunnen mutum ba ya ji.

Me za a shimfiɗa masa a ƙasa?

A nan aka fi yi masa ƙwauro. A daji hamstan Siriya yana haƙa ramin da zurfinsa ya wuce rabin mita, wani har mita guda, da ɗakin kwana daban, rumbun abinci daban, wurin fitsari daban. Sai a kawo shi gida a zuba masa shimfiɗar da ba ta kai kaurin yatsa biyu ba, a kuma yi mamakin yadda yake kwana yana cizon ƙarfe.

Wani bincike da aka yi a Jami'ar Bern ta ƙasar Suwizalan, aka wallafa a 2006, ya gwada zurfin shimfiɗa na santimita 10 da 40 da 80. Waɗanda aka ba su mai zurfi sun haƙa ramuka, kuma cizon ƙarfe ya ragu ƙwarai a wurinsu. Ba kowa ne zai iya santimita 80 ba, amma a yi ƙoƙari a kai 25 ko fiye, ko da a ɓangare ɗaya na kejin ne, a kuma danna shimfiɗar da hannu don ramin ya tsaya.

Mafi aminci ita ce shimfiɗar takarda marar turare, ko ɓarzar katako marar ƙura da aka tanada don ƙananan dabbobi. A guji garin katako mai laushi na wurin kafinta da duk katako mai ƙamshi mai ƙarfi, suna lalata masa hanyar numfashi. Don sheƙarsa, a yayyaga masa farar takardar goge hannu, shi zai kwashe ya gyara da kansa. Auduga da zare haɗari ne: sukan naɗe masa ƙafa har jini ya daina zuwa, idan kuma ya haɗiye su sai su toshe hanji.

Sai kuma ɗan gidan ɓuya mai duhu. Biyu ko uku sun fi ɗaya.

Tayar gudu dole ce?

Dole ce. Yana gudun kilomita da yawa a dare guda. Ga na Siriya a nemi mai faɗin santimita 28 zuwa 30, ga ƙanana 20 ko fiye. Yadda za ka gane ta yi masa kaɗan: tsaya ka kalle shi yana gudu. Idan bayansa ya lanƙwashe, kansa ya ɗaga sama, ta yi kaɗan. Wurin takawar ya zama rufaffe, ba mai raga ko sanduna ba, don kada ƙafa ta maƙale.

Ƙwallon robar nan da ake kulle shi a ciki ya riƙa gangarawa a ɗaki kuwa, ban ga amfaninsa ba. Ba ya jin ƙamshi sosai a ciki, ba ruwa, ba wurin ɓuya, ba ya iya fita idan ya gaji, kuma faratansa na shiga ramukan iska. A killace masa wani ɓangare na ɗaki ya zaga da ƙafarsa, kana zaune kana kallo.

Kullum barci yake yi da rana. Lafiya kuwa?

Lafiya lau. Da magariba yake fara motsi, wani ma sai dare ya raba. Kada a tashe shi don yara sun dawo daga makaranta suna son wasa. Tashinsa da rana a kai a kai yana raunana shi, yana kuma mayar da shi mafaɗaci. Mai sauƙin farkawa daga barci kada ya sa kejin a ɗakin kwana.

Me yake ci?

Ginshiƙin abincinsa shi ne haɗin da aka tanada don hamsta: gero, alkama, sha'ir, 'ya'yan ciyayi iri-iri da dunƙulen abinci mai sinadarai. Cokalin cin abinci ɗaya a rana ya ishi na Siriya, ƙanana kuwa kamar rabin haka. Maimakon a zuba a kwano, a watsa a cikin shimfiɗa ya nema da hancinsa, wannan kaɗai yana cinye masa awanni.

Ba ganye da hatsi kaɗai yake ci ba, a daji yana kama ƙwari. Don haka sau biyu ko uku a mako a ba shi ɗan dafaffen ƙwai ko busasshiyar tsutsa irin wadda ake sayarwa don tsuntsaye. Kayan lambu kuma kaɗan-kaɗan: karas, kokwamba, burokoli, yanka bai fi girman kunnensa ba. Idan sabon abu ne a fara da ƙanƙani a ga yadda cikinsa zai karɓa. Gyaɗa da 'ya'yan sanfulawa yana son su ƙwarai, amma mai ya yi musu yawa, a mayar da su tukwici.

Abin da ba a ba shi sam: albasa, tafarnuwa, cakulan, alewa, lemu da danginsa, ɗanyen dankalin turawa, ɗanyen wake, ƙwallon tuffa, da duk abin da aka sa wa gishiri, yaji ko suga. Ƙananan iri, musamman na Campbell, suna saurin kamuwa da ciwon suga, don haka a rage musu 'ya'yan itatuwa ƙwarai. Alamar ciwon ita ce yawan shan ruwa da yawan fitsari.

Ruwa mai tsafta ya kasance a wurinsa koyaushe, a sauya kullum. Idan kwalba ce mai bututu, a taɓa bakin da yatsa kowace safiya, don takan toshe ba a sani ba.

Na ga fuskarsa ta kumbura, kwanonsa kuma wayam.

Ya cika kumatu ne. Jakunkunan nan suna miƙewa har kafaɗunsa. Za ka gan shi yana tura ƙwaya bayan ƙwaya da hannuwansa biyu har kansa ya ninka girma, sannan ya ruga rami ya matse kumatun daga baya ya zazzage. Kwano wayam ba ya nufin yunwa, akwai rumbu a ƙasa. Idan kana gyaran keji ka ci karo da rumbun, cire ɗanyen abin da zai ruɓe ka bar masa busasshen. Kwashe masa duka yana tayar masa da hankali.

Kumburin da ya kwana ya wuni bai sauka ba, ko na gefe ɗaya, wannan na likita ne. Abinci mai danƙo kan maƙale a ciki.

Za ka kuma iya ganin yana cin kashinsa. Ba ƙazanta ba ce, haka yake samun wasu sinadaran da hanjinsa bai tsotse a zagayen farko ba.

Haƙoransa rawaya ne. In goge masa?

A'a, haka launinsu yake. Abin lura shi ne tsawo, domin haƙoran gaba ba sa daina tsiro har ya mutu. A ajiye masa guntun itace marar fenti da kwali ya riƙa gwaguya. Idan yana dalalar da miyau ko yana ɗaukar abinci yana saki, wataƙila sun yi tsawo ko sun karkace. Likitan dabbobi ne zai rage su, kada a gwada da abin yanke farce.

Yaya ake yi masa wanka?

Ba a yi masa da ruwa. Ruwa yana wanke man da ke gashinsa, sanyi ya kama shi. A zuba masa yashi mai tsafta, busasshe, marar ƙura a cikin kwano mai faɗi. Zai shiga ya yi birgima, ya tashi ya karkaɗe, ya zauna ya share fuska da hannuwa. Da yawansu ma sukan mayar da kusurwar yashin wurin fitsari, abin da ke sauƙaƙa aiki.

Game da wari: kullum a kwashe wurin da ya jiƙe, amma kada a riƙa zubar da shimfiɗa gaba ɗaya kowane mako. Da ƙamshin jikinsa yake gane gidansa, idan aka share tas sai ya ƙara fitsari don ya sake sa alama. A babban keji mai zurfin shimfiɗa, sauya kashi ɗaya cikin uku bayan 'yan makonni ya isa. Baƙin tabo biyu da ke kwankwason na Siriya ba ciwo ba ne, daga nan yake fitar da ƙamshin.

Yana cizona. Zai taɓa sabawa?

Yawanci yana sabawa. Cizonsa na tsoro ne. A daji mutuwa daga sama take zuwar masa, daga mujiya da shaho, don haka hannun da ya sauko masa ta ka, musamman yana barci, abokin gaba ne. Ko kuma ya ji ƙamshin abinci a yatsanka.

Idan ya iso gida, a bar shi kwana uku zuwa mako guda ba a taɓa shi ba, abinci da ruwa kawai. Bayan haka, da dare idan ya fito da kansa, ka wanke hannu, ka yi masa magana a hankali, ka miƙa ƙwaya ɗaya a yatsa. Idan ya saba karɓa, sai ka sa ta a tsakiyar tafin hannu, ka shimfiɗa hannun a ƙasa ka daina motsi. Da farko zai miƙo wuya ya fizge ya gudu. Wata rana zai ɗora ƙafa ɗaya, wata rana ya hau gaba ɗaya ya zauna ya ci a nan. Sannu ba ta hana zuwa. Wani mako biyu ya ishe shi, wani wata biyu, wani kuma har abada ba ya son a ɗauke shi, sai a ƙyale shi.

In za ka ɗaga shi, da hannu biyu ta ƙasa, kana zaune. In ya cije ka kada ka yarfar da hannu, faɗuwar ta fi cizon illa. Ka wanke wurin da ruwa da sabulu.

Zafi da sanyi fa?

Ya fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 24 a ma'aunin Selshiyos. Idan zafi ya doshi 30 yana cikin haɗari, za a gan shi ya baje a ƙasa yana haki. A mayar da kejin ɗaki mafi sanyi, a sa masa tayil ko kwanon tangaran ya kwanta a kai, a jingina kwalbar ruwan ƙanƙara da aka naɗe da tsumma a jikin kejin ta waje. Kada a tsoma shi a ruwa, kada kuma a saita masa fanka kai tsaye.

Idan sanyi ya tsananta, ya sauka ƙasa da digiri 10, yana iya shiga wani irin dogon suma: jiki ya yi sanyi, numfashi ya ragu har a zaci ya mutu. Kafin a binne shi a duba gashin bakinsa ko yana ɗan motsi, a ɗumama shi a hankali a tafin hannu ko a ɗaki mai ɗumi, ba a jikin wuta ba.

Yaya zan gane ba shi da lafiya?

Yana ɓoye ciwo, domin a daji mai rauni shi ake fara ci. Kafin ka lura, abin ya yi nisa. Alamomin su ne ƙin cin abinci, rama, gashi a hargitse, tafiya a duƙe, ido a manne, atishawa da majina, ko ƙullutu a jiki. Auna shi a ma'aunin kicin sau ɗaya a mako yana tona ciwo tun kafin ido ya gani.

Mafi muni ita ce gudawa mai tsanani da ake gane ta da jiƙewar wutsiya da wari. Ta fi kama 'yan ƙananan na Siriya da ba su daɗe da yaye ba, musamman bayan wahalar sauya wuri, kuma tana iya kashewa cikin awa 48. Ba a jiran gobe, a kai shi wurin likitan dabbobi a ranar.

Kada a ba shi maganin mutane ko ragowar na wata dabba. Penisilin da amoksisilin da iritromaisin suna kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke hanjinsa, shi ma ya bi su. Tun kafin a ɗauko shi ya kamata a san inda likitan da ke duba ƙananan dabbobi yake, don ba kowane ne ke yi ba.

Zai iya sa wa mutanen gida cuta? Ya dace da yara?

Yana iya ɗaukar salmonela, ƙwayar cuta mai sa gudawa, da wata ƙwayar cuta ta dangin ɓeraye mai haɗari ga ɗan tayi. Don haka mai juna biyu da mai raunin garkuwar jiki su bar wa wani aikin keji. Kowa ya wanke hannu bayan taɓa shi, kada a sumbace shi, kada a wanke kayansa inda ake wanke kwanukan abinci. Cuta na iya bi daga mutum zuwa gare shi ma: hamsta yana kamuwa da korona, har a Janairun 2022 hukumomin Hong Kong suka ba da umarnin kashe kimanin 2,000 bayan an gano ta a wani shagon dabbobi. Mai mura ya rage kusantarsa.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ba ta ba da shawarar irin waɗannan dabbobi ga yara 'yan ƙasa da shekara 5 ba. Ko ga manyan yara, lokacin farkawarsa shi ne lokacin barcinsu. Uba ko uwar da suka saya wa yaro su sani aikin a kansu zai ƙare.

Na wayi gari na ga jarirai a keji!

An sayar maka da mace mai ciki ke nan. Cikin hamstan Siriya kwana 16 ne kacal, kuma tun suna da mako 4 zuwa 5 suke iya ɗauka. Idan akwai namiji a ciki a fitar da shi nan take. Kada a taɓa jariran, kada a leƙa sheƙa, kada a share keji har mako biyu. Uwar da aka tayar wa hankali tana iya cinye 'ya'yanta. A ƙara mata abinci da dafaffen ƙwai, a yi shiru a kusa da ita. Idan sun kai mako 4 a raba maza da mata, bayan 'yan makonni kuma kowanne ya samu nasa kejin.

Ya tsere. Ta ina zan fara?

Rufe ƙofofi, fitar da kyanwa da kare, kwashe maganin ɓera idan akwai. A kowane ɗaki ajiye ƙwaya biyar a kan takarda, da safe ɗakin da suka ragu nan yake. Sai ka sa bokiti mai tsumma a ƙasansa da ɗan abinci mai ƙamshi, ka jera littattafai su zama matakala zuwa bakinsa. Zai hau ya faɗa ciki, santsi ya hana shi fita.

Shekara nawa yake yi, kuma ko'ina ake iya kiwonsa?

Shekara 2 zuwa 3. Daga shekara ɗaya da rabi zai fara rage gudu, gashi ya yi ƙaranci, barci ya ƙaru. A sauko masa da ruwa da abinci kusa da sheƙa, a cire abubuwan hawa, a jiƙa masa abinci idan haƙori ya gaza. Gara yara su san wannan tun ranar farko.

Ba kowace ƙasa ke yarda da shi ba. Ostareliya da New Zealand da jihar Hawaii ta Amurka sun hana shigo da shi, don tsoron kada ya tsere ya yaɗu ya addabi gonaki da dabbobin ƙasar. Mai shirin ƙaura da shi ya fara bincika dokar inda za shi. Tafiya ta kwana ɗaya ko biyu ba matsala idan an bar masa isasshen abinci da ruwa a wuri biyu. Fiye da haka sai an samu wanda zai riƙa leƙowa kullum, a kuma nuna masa yadda ake gwada bakin kwalbar ruwan.